Neman kalma: wuraren da RNA take zama a cikin sel

Mai Fassara, Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe za a ɗauki wani shirin lafiya na rediyo, kuma fassarar ta cije a sakin layi ɗaya: inda ake samun RNA a cikin sel na mutum da na dabba. RNA, wato sinadarin da sel ke amfani da shi wajen haɗa furotin, zan bar ta da haruffanta. Sunaye uku nake nema: nukiliyos, nukiliyolos, saitofilazim. Na farkon ba ya faɗuwa a rediyo, mai sauraro zai ji "nukiliya" hankalinsa ya tafi kan makamai.

Ta Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam Yaya. Cibiya, 'yar cibiya, ruwan sel. Amma ki duba rubutun kada ya ce RNA a cibiya take zaune. A can ake kwafo ta daga DNA, ma'ajiyar bayanan gado, mafi yawanta kuwa a waje take aiki. Wajen kashi 80 cikin 100 ta ribozom ce, wato injin haɗa furotin; tRNA mai kawo masa kayan haɗi kusan 15; mRNA mai kai masa saƙon DNA ba ta kai 5 ba. Enzayim uku, wato furotin masu gudanar da aikin, ke kwafar, ana ce musu folimares. Folimares na ɗaya yana aiki a cikin 'yar cibiya, daga dogon zare guda ake yanko RNA ta ribozom guda uku: 18S da 5.8S da 28S. Na biyu shi ke yin mRNA. Na uku yana yin tRNA da wata RNA ta ribozom, 5S. A 'yar cibiyar ake harhaɗa ɓarin ribozom biyu, 40S da 60S, kowanne ya fita daban ta ƙofofin bangon cibiya, sai a waje su haɗu a kan mRNA su zama cikakken ribozom, 80S.

Dattijon Ƙofar Mata:
'Yata, ƙwanduwa ake cewa. Ƙwai kowa ya san shi: ga ɓawo, ga fari, ga ƙwanduwa a tsakiya. Nukiliyos ƙwanduwa, saitofilazim farin sel, nukiliyolos idon ƙwanduwa. Kalma uku a tashi ɗaya, babu aro ko ɗaya. Shi kansa "sel" ɗin ban yarda da shi ba, tantani ne.

Malamin Bayoloji, Fagge:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tantani fata ce siririya, kamar tantanin ido ko na kunne. In sel ya zama tantani, fatar da ta kewaye shi sai ta zama tantanin tantani. Ƙwayar halitta kuma an riga an ɗora mata kaya, sel ita, jin na gado (gene) ita, DNA ita, har a labari ɗaya. Ƙwanduwa ta fi su matsala. A ƙwan kaza ƙwanduwar gaba ɗayanta ita ce sel ɗin, nukiliyos ɗin yana cikin ɗan farin ɗigon da ke samanta. Farin ƙwai ba ya cikin sel ɗin sam, a bututun ƙwai ake lulluɓa shi daga baya. Ɗalibin da aka koya wa ƙwanduwa zai faɗi tambayar ƙwan tsuntsu a WAEC.

Dattijon Ƙofar Mata:
Malam, ba don WAEC aka yi Hausa ba. Turawa daga Latin suka ɗauko tasu, ma'anarta ɗan ƙwallon goro ko gyaɗa. Larabawa suka ce nawat, wato ƙwallon dabino, suka ƙanƙanta shi suka ce nuwayya. Wa ya ce musu sel ba dabino ba ne? Mu kaɗai ne in an kawo kalmar gida sai 'yan boko su fito da ma'auni.

Ɗan Kurmi:
To ai ga mafita Baba ya kawo da bakinsa. Ƙwallon sel.

Malamin Bayoloji, Fagge:
Faɗi ƙwallo a rediyon Kano ka ga in ba Pillars za a tuna ba.

Ɗan Kurmi:
Cibiya ma ai ba tsira ta yi ba. Cibiyar lafiya, cibiyar bincike, cibiyar jariri. Kuma ba kullum nukiliyos yake tsakiya ba. A sel na kitse ɗigon mai ya tura shi gefe ya matse shi. Zaren tsoka guda yana da su da yawa, duk a jere a gefe.

Dattijon Ƙofar Mata:
Yawwa. Kun ji ko? Tasu ma da rami. Kuma wasu na cewa gwaiduwa, duk na amince, in dai ba nukiliyos ba.

Likitan Jini:
Baba, a yi haƙuri, ga abin da ya sa sunan wajen cibiya ya fi na cibiyar muhimmanci. Jan sel na jinin mutum idan ya nuna ba shi da nukiliyos. Wanda bai gama nuna ba, retikulosait, ya yar da nasa amma da sauran RNA ta ribozom a cikinsa na kwana ɗaya zuwa biyu. Ita ake ƙirgawa: ɗigon jini biyu ko uku, rinin da ake kira new methylene blue daidai yawansa, a ajiye minti 15 zuwa 20 a ɗumin digiri 37, a shafa a gilashi, a bar shi ya bushe, a ƙirga sel 1000. RNA ɗin tana fitowa kamar shuɗin zare a cukurkuɗe. A baligi lafiyayye kashi 0.5 zuwa 2.5 ne, a mai sikila yakan ninka haka sau da yawa saboda ɓargo na ta ƙoƙarin maye gurbi. In aka fara kafe jinin da metanol zaren ba zai fito ba, domin rinin sai sel na da rai yake kamawa. In ba a tace rinin ba, gudajinsa zai yi kama da RNA a ƙirga ƙarya. Ga sel babu ƙwanduwa, babu cibiya, ga RNA. Duk fassarar da ta ɗaure RNA da cibiya ta ɓata wannan.

Ta Ɗakin Gwaji:
Haka batun rigakafin korona mai mRNA. A wajen cibiya mRNA ɗin take tsayawa, ribozom ya karanta ta, ta ruguje cikin kwanaki, ba ta shiga inda DNA take. A Kano, garin da aka dakatar da allurar shan inna a 2003 kan jita-jita, wajibi mai sauraro ya ji bambancin "cikin cibiya" da "wajen cibiya" sarai. Yaya, kada kuma ki fassara mRNA da manzo. 'Yar aike.

Malamin Bayoloji, Fagge:
Na yarda da 'yar aike. Ruwan sel ne ban yarda da shi ba. Ruwan shi ne saitosol. Saitofilazim ya haɗa ruwan da duk abin da ke cikinsa, har ribozom da ke manne a jikin retikulom mai kaushi, wani tantani mai ninki-ninki a cikin sel, inda ake yin furotin da za a fitar waje kamar insulin. Ni farfajiyar sel zan ce. 'Yar cibiya ma tana sa a zaci wata ƙaramar cibiya ce mai nata bango, alhali ba ta da fata ko kaɗan, tarin RNA da furotin ne, kuma takan watse idan sel zai rabu biyu.

Dattijon Ƙofar Mata:
Farfajiya! Wannan ba misali ba ne? Naku misali ilimi, nawa ƙauyanci. Ƙwanduwa na nan tun kafin Baturen nan Bargery ya buga ƙamusunsa na Hausa a 1934.

Ɗan Kurmi:
Baba ba wanda ya ce ƙauyanci. Amma gaskiya in kalma ba ta fito daga jami'a ba, a nan ba a ɗaukarta da daraja.

Likitan Jini:
In ta fito daga jami'ar ma ba a asibiti ake jinta ba. Sikila wa ya ƙirƙiro ta a taro? Masu jinya ne suka lanƙwasa ta ta zauna, ga amosanin jini na nan ana fahimta.

Mai Fassara, Gwale:
Malamai, lokaci. Ga abin da zan karanta: "Ana yin RNA a cibiyar sel, inda DNA take. Mafi yawanta tana fitowa farfajiyar sel, a nan ake amfani da ita wajen haɗa furotin." Nukiliyolos zan ce "wani dunƙule a cikin cibiya" tunda ba a daidaita ba. Baba, a gafarce ni.

Dattijon Ƙofar Mata:
Cibiya na bar miki don Alhamis kawai. Idon ƙwanduwa ba ya tafiya ba cibiya, amma idon cibiya ya fi dunƙule.

Malamin Bayoloji, Fagge:
Idon cibiya ba laifi, a madubin ƙara girma haka yake fitowa, ɗigo mai duhu. Sai dai sel ɗaya kan yi biyu ko uku.

Ta Ɗakin Gwaji:
Yaya, jimlarki ta farko da gyara. Ki ce "mafi yawan RNA ake yi a cibiya". Maitokondiriya, mai samar wa sel ƙarfi, na da DNA tata, tana yin tata RNA: ta ribozom 2, tRNA 22, da mRNA ta furotin 13. Ita kuma sunanta ko taɓa shi ba mu yi ba.

Mai Fassara, Gwale:
Na gyara. Ita maitokondiriya a haka za ta fita a wannan makon.