Neman shawara: Injin wanke kwanukana ya daina fitar da ruwa, an ce sai na canza ƙwaƙwalwarsa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan injin wanke kwanuka su taimaka mini. Nawa ya daɗe yana aiki lafiya ƙalau, sai kwanan nan ya ɓullo da wani hali. Idan ya gama wanki na buɗe, sai in tarar da ruwa kwance a ƙasansa har ya rufe matatar, ruwan ya yi dauɗa yana wari. Kofuna suna fitowa da tsaki-tsaki a ciki, gilasai kuma sun yi fari-fari. A ƙarshen wankin ina jin yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, amma ruwan ba ya tafiya. Wani mai gyara ya zo, ko buɗe injin bai yi ba ya ce ƙwaƙwalwarsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ita ce ta mutu, sai an canza. Hankalina bai kwanta ba, domin fitilunsa duk suna kamawa, yana jan ruwa, yana wanki har ƙarshe. In bari ya canza, ko akwai abin da zan fara dubawa da kaina?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari a taɓa ƙwaƙwalwar nan tukuna. Gurnanin da kike ji shi ne shaidarki. Famfon da ke fitar da ruwa ne yake wannan ƙara, kuma tunda yana yi, wuta tana isa gare shi, wato ƙwaƙwalwar ta ba shi umarni. Da ita ce ta mutu, shiru za ki ji a lokacin. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne wani abu ya maƙale wa famfon, ko kuma hanyar da ruwan zai bi ta toshe.

Kafin komai ki zare filogi daga soket. Kashe maɓallin jikin injin bai wadatar ba, domin hannunki zai shiga ruwa. Sai ki fitar da kwandon ƙasa, ki kwashe ruwan da kofi, sauran ki tsane da soso. A tsakiyar ƙasan za ki ga matata mai siffar gwangwani. A yawancin injina murɗa ta ake yi zuwa hagu a ɗago, sannan a cire faffaɗar ragar da ke kewaye da ita. Ki wanke su da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori har sai kin ga haske ta cikin ragar. Maiƙo yana liƙe ramukan nan ta yadda ido ba zai gane ba sai an ɗaga ta sama an duba.

Daga nan ki haska tocila cikin ramin da matatar ta fito. A gefe akwai wani ɗan murfi, wasu na ɓallewa ne, wasu kuma da ƙusa ɗaya ake kwance su. A bayansa farfelar famfon take. Ki sa safar hannu, don Allah kada ki zura yatsa haka nan, domin abin da aka fi tsinta a wurin fasasshen gilashi ne. Tsinken sakace, ƙashi, ƙwallon 'ya'yan itace, takardar da ke manne a jikin kwalba, duk suna zuwa can su tsaya. Ki cire abin da kika gani, ki juya farfelar. Ya kamata ta juya da ɗan tsalle-tsalle saboda maganaɗisun da ke cikin famfon, wannan lafiyarta ke nan. In ta ƙi motsi sam ko tana lilo sakaka, to famfon ne ya gaji, kuma shi kaɗai ake canzawa. Ki tabbata murfin ya koma ya zauna daram, in bai zauna ba ruwan ba zai fita ba ko da komai ya tsarkaka.

Hajiya Babba:
Ƙanwata, bi maganar Injiniya. Ni abin da zan ƙara shi ne, ɗan ruwan da ke zama a can cikin ramin, ƙarƙashin matata, ba matsala ba ne, haka aka yi injin. Wanda ya hau sama ya rufe raga shi ne abin damuwa. Kuma tsaki-tsakin da kike gani a kofuna duk daga nan yake. Injin nan ruwa kaɗan yake amfani da shi, na zamani bai cika wuce lita 10 zuwa 12 a wanki ɗaya ba, shi yake ta juyawa yana fesawa. In matata ta cika, dauɗar da ya wanke ita zai mayar miki a kan kaya.

Kawu:
Ku duba tiyo ma. Ki leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wankenki, ki bi tiyon da ya fito daga injin zuwa bututun magudana. Sau da yawa idan aka tura injin baya sai ya danne tiyon ya lanƙwashe. Sannan ya kamata tiyon ya yi sama har kusa da ƙasan kanta kafin ya sauko ya shiga magudanar. In yana kwance a ƙasa, ruwan dauɗar wurin wanke-wanke zai riƙa komawa cikin injin, ki ga ruwa ya taru ko ba a kunna shi ba. Ki kwance bakin tiyon inda ya haɗu da bututun, ki tara bokiti, ki duba ko maiƙo ya daskare a wurin. Kuma ki lura, shi kansa wurin wanke-wanken yana zubar da ruwa da sauri? In shi ma yana jan ƙafa, matsalar ba ta injin ba ce.

Wata 'yar uwa:
Ni dai da na zuba masa maganin buɗe magudanar nan mai ƙarfi, ai zai narkar da komai a huta.

Injiniya:
A'a 'yar uwa, don Allah kada kowa ya yi wannan. Maganin nan yana cin robobin da ke hana yoyo, kuma ragowarsa za ta fesu a kan kwanukan da iyali za su ci abinci a ciki. Ba zai narkar da gilashi ko tsinke ba kuma. Ga haɗarin ya fantsama wa mutum a ido idan ya zo buɗe famfon daga baya.

Amarya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana kan maganar. Nawa yana fitar da ruwa, amma jiya na ga kumfa tana fitowa ta ƙasan ƙofa, yanzu kuma ya ƙi yin wanki, sai famfo yake ta aiki ba tsayawa ko na kashe shi.

Injiniya:
Amarya, wane sabulu aka zuba? Sabulun ruwa na wanke-wanken hannu ba ya shiga injin nan ko ɗis. An yi shi ne don ya yi kumfa, na injin kuwa an yi shi don kada ya yi. Kumfar ta malala ta gangara cikin tiren da ke can ƙarƙashin injin. A cikin tiren akwai wani abu mara nauyi da ke tasowa idan ruwa ya taru, ya danna maɓalli, sai injin ya rufe shigar ruwa ya kunna famfo ba ƙaƙƙautawa don kare gidan daga ambaliya. A injinan Bosch da Siemens wannan ne ke nuna lambar matsala E15, matsalar fitar ruwa kuma E24 ko E25. Kowane kamfani da nasa lambobin, ki duba littafin naki. Ki zare filogi, ki rufe famfon da ke kawo wa injin ruwa, a cire murfin ƙasa na gaba a tsane tiren ya bushe sarai. In kin mayar ya sake taruwa ba tare da kumfa ba, akwai yoyo na gaske, ko a robar ƙofa ko a wani tiyo na ciki, wannan kam a kira mai gyara.

Maman Biyu:
Alhamdulillah! Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na buɗe murfin na tarar da ɗan guntun gilashi ya soke tsakanin farfelar da bango. Ina cirewa ta fara juyawa. Matatar kuwa ba a magana. Kawu, na duba tiyo, lafiyarsa ƙalau. Yanzu ruwa yana fita tas, tsaki-tsakin ma babu. Sai dai gilasan har yanzu da farin nan a jikinsu. Shi kuma fa?

Hajiya Babba:
Madalla. Wannan wata matsalar ce daban. Jiƙa tsumma da ruwan khal ki goge gilashi ɗaya. In farin ya fita, ruwanku ne mai yawan sinadarin kalsiyam, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa. In bai fita ba, gilashin ne ya ciwu saboda yawan sabulu da zafi, kuma wannan ba ya gyaruwa, sai dai a rage sabulun a kiyaye sauran.

Injiniya:
Amin Hajiya. Gwajin Hajiya Babba daidai ne. In ruwan ne, ki duba ƙasan injin ko akwai wani babban murfi na murɗawa kusa da matata. Wurin gishiri ke nan, ba kowane inji ke da shi ba. In akwai, ki cika shi da gishirin da aka yi domin injin, mai manyan ƙwayoyi, kada ki sa na miya. Ki cika maganin ɗauraya a ɗan ramin da ke jikin ƙofa, shi ke sa ruwa ya sulale maimakon ya bushe a jikin gilashi. Sannan ki cire hannuwan da ke juyawa suna fesa ruwa, na sama da na ƙasa, ki zurkuɗa ramukansu da tsinke ki ɗauraye, domin ɓawon nan yana toshe su. Daga ƙarshe ki kunna injin babu kaya a ciki, da maganin wanke inji ko garin sitirik asid, a kan wanki mafi zafi, na digiri 65 ko 70.

Abu ɗaya nake so ki lura da shi: da zarar ya gama wankin kwanuka na gaba, ki buɗe ki taɓa faranti. Ya kamata ya yi zafi har ki kasa riƙewa, tururi kuma ya taso. In sanyi ƙalau kika ji, hitar da ke dumama ruwa ce ba ta aiki, sabulun ma ba zai narke da kyau ba. Wannan ba aikin gida ba ne. Ki nemi mai gyara ya gwada ta da mita a gabanki: hita mai wat 2000 a kan wutar bolt 230 za ta nuna wajen om 26 (ma'aunin juriyar wuta), wadda ta ƙone kuwa ba za ta nuna komai ba. Ki ga abin da mitar ta nuna da idonki kafin ki yarda a sayo wani abu.

Maman Biyu:
To Injiniya, na gode ƙwarai. Farin ya fita da ruwan khal, kuma na ga murfin gishirin, wurin babu komai a ciki. Zan cika shi in yi wankin mai zafi, sannan in wanke kwanuka in taɓa farantin, in dawo muku da bayani in sha Allah.