Don Allah masu ilimin harsuna ku taimaka min da shawara

Salam 'yan uwa. Ina ƙirƙirar wani sabon yare ne da zai haɗa Faransanci, Sifaniyanci da Jamusanci, nahawun ya ɗan zauna amma wajen zaɓen kalmomi na maƙale wallahi.

Na bi tsarin Interlingua, wani ƙirƙirarren yare da ya fito a 1951, su masu haɗa shi sai kalma ta bayyana a harsuna uku cikin waɗanda suka dogara da su kafin su ɗauke ta, to ni da nake da uku kacal sai na ce biyu sun isa. Matsalar ita ce Faransanci da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito, kusan kullum bakinsu ɗaya, Jamusanci kuma ya tashi a tutar babu, har yaren ya koma kamar Sifaniyanci zalla, abin yana damuna sosai don ba haka na so ba.

Zamenhof, wanda ya ƙirƙiri yaren Esperanto da ya fito a 1887, ya ɗauko kalmomi irin su hundo (kare) da tago (yini) daga Jamusanci amma ban gane da wane ma'auni ya zaɓa ba. In ƙara Holanci ne, tunda dangin Jamusanci ne, su zama biyu da biyu, ko in ware wa Jamusanci wasu fannoni kamar kayan gida da sassan jiki? Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min ya ya yi.