Neman kalma: yaya za mu ce "shadow cabinet" da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza, labaran ƙarfe biyar na jira na. Kemi Badenoch, wadda jam'iyyar Conservative ta Birtaniya ta zaɓa shugaba ranar 2 ga Nuwamba 2024, ta naɗa "shadow cabinet": Priti Patel a harkokin waje, Mel Stride a baitulmali. Ba su riƙe da wata ma'aikatar gwamnati, ba su da kasafinta, kowa aikinsa ya sa wa ministan da ke kan kujerar ido. Na tarar an rubuta "majalisar inuwa" a takarda, kunnena ya ƙi karɓa.

Bakatsina: Kunnenka ya yi gaskiya, ƙanena. Inuwa a wurinmu wurin hutawa ce. Mai sauraro a Funtuwa zai zaci dattawa ne a gindin darbejiya. Ka ce "ministocin jiran gado".

Ɗan jarida: Yaya, jiran gado na yarima ne, shi ya san kujera za ta zo masa. Waɗannan sai sun ci zaɓe. Jam'iyyar Leba ta Birtaniya shekara 14 ta yi tana jira, daga 2010 zuwa 2024.

Bakatsina: Amma ai ta zo. Rachel Reeves ta riƙe baitulmali a ɓangaren hamayya tun 2021, suna cin zaɓe a Yulin 2024 aka miƙa mata na gaske.

Ɗan jarida: To "gwamnatin bayan fage"?

Bakatsina: Subhanallahi! Wannan ai masu juya shugaba a ɓoye ne. Su kuwa a fili suke, benci na gaba a majalisa, suna fuskantar ministoci. Tun 1937 doka ta yanka wa madugun hamayya albashi.

Tsohon malami: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ita "minista" Hausa ce? Kafin Bature muna da Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta tara na Sarki, tun zamanin Muhammadu Rumfa. Na daɗe ina cewa "cabinet" a kira ta Majalisar Wazirai, wannan kuwa Kishiyar Majalisa. Kishiya ta san duk abin da ke tukunyar uwargida, ba ta kuma yin shiru.

Bakatsina: Baba, kishiya tana da ranar girki. Priti Patel ba ta da ko kwana ɗaya.

Ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, waziri Larabci ne, majalisa ma haka. Galadiman da ke cikin Tarar ma daga Barno muka aro shi.

Tsohon malami: Aron maƙwabci daban, na wanda ya ci ka da yaƙi daban. Yaran yanzu ba kishi.

Na Maraɗi: Ku dai komai sai Kano. Mu nan "majalisar ministoci" muke cewa, ba mu taɓa rigima a kai ba. Kuma ku lura, "cabinet" a Faransanci yakan nufi ma'aikatan ofishin minista ko na shugaba. Na sha jin tashoshinku sun mai da daraktan fadar shugaban ƙasa shugaban ministoci.

Ɗan jarida: Mu ma "majalisar ministoci" muna faɗa, sai dai ta Abuja mun fi kiran ta Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Tsarin mulkin 1999 ya ce shugaba ya ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, Majalisar Dattawa ta tantance. Babu gurbin ministan hamayya, shi ya sa kalmar ba ta zauna a bakinmu ba. A Jamhuriya ta Farko ne Awolowo ya yi madugun hamayya gaban Tafawa Ɓalewa.

Mai fassara: Saura minti ashirin, ku ji tausayina. Na rubuta: "majalisar ministocin ɓangaren hamayya, masu sa ido kan ministocin gwamnati". Priti Patel kuma "mai magana da yawun 'yan hamayya kan harkokin waje".

Bakatsina: Ta yi tsawo kamar layin mai, amma babu ƙarya a ciki. A kanun labarai dai ka sa min "jiran gado".

Tsohon malami: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ku karanta abinku. Ni a littafina Kishiyar Majalisa na rubuta, kuma da alƙalami.