Aikin nas na tafi-da-gidanka a Amurka: mu tafi tare da ƙawata?

Ɗiyar Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nas ce a Houston ta jihar Texas, ina aiki a sashen majinyatan da ake sa wa na'urar bibiyar zuciya. Ina da aminiya, tun makarantar koyon jinya a gida muke tare, ita a ICU take, wato sashen kulawa ta musamman ga masu tsananin ciwo. Mun yanke shawarar ajiye aikin dindindin mu shiga kwantiragin nan na mako 13 da kamfanoni ke tura nas asibitin da ke da ƙarancin ma'aikata. Dabararmu ita ce asibiti ɗaya, gida ɗaya, mota ɗaya, a raba haya biyu. Hajiyarmu ma da ta ji cewa da ita za mu tafi ne ta sa albarka, in ni kaɗai ce da ko zancen ba za ta saurara ba. Idonmu na kan Kalifoniya.

Waɗanda suka taɓa yi, don Allah: kamfani na yarda ya haɗa mutum biyu wuri guda? Kuma zaman yana daɗi, ko ƙarshe sai an daina gaisawa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Yana yiwuwa, na yi da wata ƙawata 'yar Kamaru. Amma ki cire "asibiti ɗaya" daga sharaɗinku, ki bar "gari ɗaya". Kamfani ba shi ke ɗaukar ki ba a zahiri, shi dai miƙa takardunki yake yi, shugabar sashe ce ke zaɓa. Shugabar ICU ba ruwanta da ko an ɗauki ƙawar wata a bene na huɗu. Ku nemi babban gari mai asibitoci da yawa, ku yi amfani da wakili ɗaya a kamfanin don ya daidaita muku ranar farawa. Ko da tazarar mako guda ce, ku karɓa.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne wannan: kwantiragin nan ana soke shi. Majinyata su ragu, ko asibiti ya samu ma'aikatansa, sai a ce an gode. Haka aka yi wa ƙawata a wani asibiti a Arizona, ko rabin wa'adi ba ta yi ba. Ranar ta dawo da tsakar rana, ta ajiye jakar abincinta a kan tebur ba ta ko buɗe ba, ta miƙo mini waya in karanta saƙon. Gidan mai ɗaki biyu ne, mun sa hannu na wata uku, motar kuma tata ce. Da ta samu wani aiki a wata jiha ta tafi da motarta, ni na koma hawan Uber ƙarfe shida na safe. Hayar ba ta zama rigima ba don tun a hanya mun rubuta a WhatsApp cewa wadda aka sallama za ta biya rabonta na wata ɗaya gaba, daga nan ta fita. Ku yi irin wannan maganar yanzu da kuke dariya da juna. Kuma ku nemi hayar wata-wata, a shafin neman gidan haya na Furnished Finder ana samu, ko da ta ɗan fi tsada.

Mota ɗaya kam ban ba ku shawara ba. Aiki awa 12 ne sau uku a mako, kuma ba ku ke tsara jadawali ba. Ke ki tashi bakwai na yamma, ita majinyacinta ya rikice ta kai tara tana rubutu, kina zaune a wurin ajiye motoci ƙafa ta kumbura.

Ɗan Zongo:
Hajiya, ni ta ɓangaren takarda zan shigo, don nan mutanenmu ke faɗawa rami. Lasisinku na Texas, in mai shiga jihohi da yawa ne, zai yi muku aiki a wurare irin su Arizona, Florida, Georgia da Ohio ba sai kun nemi wani ba. Kalifoniya ba ta cikin wannan yarjejeniya ta jihohin da ke karɓar lasisin juna, haka New York inda nake. Sai kun nemi nasu daban, kuma tunda a gida kuka yi karatu za su buƙaci takardun makarantarku, ke ma kin san yadda fitar da takarda daga can take. Na ɗaya zai iya fitowa ya bar na ɗaya. Ni da ku ne da na fara da jihar da lasisin ke shiga, na Kalifoniya yana tafiya a gefe. Na gane abin da ke jan ku: tun 2004 doka ta ƙayyade musu yawan majinyata, biyu ga nas ɗaya a ICU, huɗu a irin sashenki. Amma hayar can tana cinye bambancin albashin, kuma za su cire harajin jiha duk da Texas ba ta karɓa.

Sai alawus ɗin gida da abinci da kamfani ke biyan ku. Ba a cire masa haraji ne saboda ana ɗaukar cewa ci-rani kika je, kina da gidanki na asali da kike ci gaba da biya. In kuka saki gidajenku na Houston don ku tara kuɗi, a wurin IRS, hukumar harajin Amurka, duk inda kuka sauka nan ne gida, alawus ɗin ya zama albashi. Zama tare ba laifi ba ne, kowacce za ta karɓi nata cikakke, amma sunan kowa ya hau takardar haya, kowa ta biya daga asusunta. Kada ɗaya ta biya duka ɗaya ta ba ta a hannu. Kuma kada ku yi ta sabunta kwantiragi a gari ɗaya har ya wuce wata 12.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kam Anti kin ɗan tsorata ta. Na yi ni kaɗai, na yi da ƙawa, ba a haɗawa. Baƙuwar nas ita ake fara turawa wani sashe in an samu giɓi, horon da za a ba ki bai fi kwana ɗaya ko biyu ba, ba ki san ko inda ake ajiye sirinji ba. Ki dawo gida ki tarar da mai jin Hausa ta ɗumama miyar kuka, wallahi rabin gajiyar ta tafi. Balle a azumi.

Abin da zan ce kawai, ku nemi aiki iri ɗaya, ko dare ku duka ko rana ku duka. Mu ni dare ita rana, ina kwanciya tana kunna injin markaɗe. Ranar Sallah kuma a rubuta muku hutunta cikin kwantiragi kafin ku sa hannu, bayan sa hannu ba mai sauraron ku. Kuɗin ma kada ku yi lissafi da labarin lokacin korona, tun 2022 farashi ya sauko.

Ɗiyar Funtuwa:
Allah Ya saka da alheri. Na tura mata duka, ta ce ita dama maganar mota ɗaya ba ta kwanta mata ba, kunya ta hana ta faɗa. Za mu fara duba Phoenix ta Arizona ko Columbus ta Ohio. Malam Ɗan Zongo, ni a gidan yayata nake, ina ba ta kuɗi duk wata amma a hannu. Wannan zai wadatar a matsayin gidana na asali?

Ɗan Zongo:
A hannu kam a'a. Ku rubuta takardar haya tsakaninku, kuɗin ya yi daidai da abin da ake biyan ɗaki a unguwar, ki riƙa turawa ta banki. Ki sanar da Yaya cewa ita ma kuɗin zai iya shiga lissafin harajinta, sannan ku ga mai haraji da ya saba da nas masu yawo kafin ki miƙa takardar barin aiki.