Giya ɗaya ko giyabos: wanne ya dace da motar tsere mai lantarki?

Salamu alaikum injiniyoyi da manyan makanikai. Aikin wata ƙaramar motar tsere ya cije mana a Kaduna, muna neman shawararku.

Injin na lantarki ne, volt 72, kilowat 10, yana kai juyi 6,000 a minti. Tsayin taya daga ƙasa zuwa sama santimita 52. An haɗa injin da taya ta hanyar sarƙar babur lamba 428, ƙaramin faifai haƙori 12, babba haƙori 60, wato biyar-da-ɗaya. A lissafi gudun zai kai kilomita 117 a awa, kuma wannan ya wadatar.

Matsalar a tashi take. Injin lantarki yana sakin ƙarfin murɗarsa gaba ɗaya tun daga tsaye, sai sarƙa ta tsallake haƙori da ƙara, gau! Birkin da ke mayar da wuta batir kuma yana juya jan sarƙar, ɓangaren da ke sake ya ɗaure, na sama ya yi lilo. Ga ƙurar hunturu tana cin ƙaramin faifan, haƙoransa har sun fara lanƙwashewa.

Akwai giyabos na babur a kasuwar Panteka, amma zai ƙara nauyi, kuma sai da kuloci. Motocin Formula E, gasar tseren motocin lantarki ta duniya, ma da giya biyar suka fara a 2014, daga baya aka koma giya ɗaya, shi ya sa ban karkata can ba. Bel na CVT, mai canza giya da kansa, ina tsoron santsi da zafi.

Shin a koma sarƙa 520 da faifai mai haƙori 14 da 70, ko a raba ragin juyin gida biyu da sanda a tsakiya? Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, don Allah wane sako ya bar wa sarƙa, milimita nawa?