Waya a ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa: shawarwarin da suka fito

Wata muhawara ce ta taso kan asibitocin da ba su da na'urar da ke yi wa likita jagora cikin ƙwaƙwalwa, saboda tsadarta. Shin wayar hannu za ta iya cike gurbin?

Yawancin masu magana sun ce tana taimakawa, amma wajen tsara inda za a tsaga kawai. Manhaja irin Sina tana ɗora hoton cikin kai na CT ko MRI a kan abin da kyamara ke gani, sai likita ya zana iyakar ƙari ko taruwar jini a fatar kai, ya yi ƙaramar kafa maimakon buɗe ƙoƙon kai da faɗi. Wasu kan fara gina hoton da manhajar kwamfuta 3D Slicer, wadda kyauta ce.

An fi daɗewa kan daidaita hoton da kan majinyaci, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. A haɗa hoton da kunne, hanci da gefen ido, a riƙe wayar daidai da kusurwar da aka ɗauki hoton. Karkata kaɗan tana kai alamar wani wuri daban. Mai shakka ya manna alama a kan majinyaci, ya sake ɗaukar CT.

Ƙaramin ƙari mai zurfi kuwa, ba aikin waya ba ne. Ga shi ƙwaƙwalwa kan gusa da zarar an buɗe kai, hoton kuma na nan yadda yake.

A goge sunan majinyaci daga hoton kafin ya shiga wayar kowa.