Sikeli ya tsaya cak, amma ƙugu na raguwa

Salam. Nauyina ya sauka daga kilo 94 zuwa 89, sai ya tsaya cak, makonni ke nan. Da safe nake hawa sikeli, bayan na zaga, kafin karin kumallo, a kan tayil ba kafet ba. Duk da haka yau 88.6, gobe 90.1, musamman in miyar dare ta sha magi. Na san gishiri na riƙe ruwa a jiki, sai na koma lissafin matsakaicin mako. Shi ma ko gezau. Tuwo malmala ɗaya nake ci, na daina lemon kwalba. Amma tef ɗin tela, daidai cibiya, ya nuna ragin santimita 3.

Don Allah, tef zan bi in ci gaba a haka, ko sikeli in ƙara rage abinci?